Sarewar Da Ba Ta Numfashi

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, wasu da kansu, wasu ni na kore su. Amma ko zan tsufa har in manta hanyar gidanmu, ba na jin zan manta da yammacin da na zauna gaban kakana a gindin tsamiya, kwamfuta a kan cinyata, na buɗe baki na yi masa ƙarya. Shekaru sun shuɗe, shi ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa har yau in abin ya faɗo mini ina cikin aiki sai in ɗage hannu daga kan kibod. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba zan gyara kaina a ciki ba, don son gyara ne ya jawo komai.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Da kyar na gama sakandare, daga nan na buɗe rumfar cajin waya a Batsari, kusa da inda motocin Katsina ke lodi. Ina da sola guda biyu a kan rufi da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗauka a jaka, wadda nake tura wa mutane karatu da waƙoƙi da fina-finai a memori. In babu ciniki sai in zauna kallon fim, amma ba fuskokin nake bi ba. Akwai wani sauti da ke tasowa a baya in mutum zai yi kuka ko zai rabu da wani nasa, sauti mai faɗi kamar iska ta ratsa gonar gero. Shi nake maimaitawa. Na tambayi mutane da yawa ko me ake kaɗawa, babu wanda ya sani, wasu ma suka ce in nemi aikin yi.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya kawo cajin waya, ya tarar ina ta mayar da fim baya a wuri ɗaya. Malamin makaranta ne a Safana, Bahaushe Kirista, shi ke kaɗa musu kibod, wato piyanon lantarki, a coci. Ya saurara kaɗan ya ce, “Goge ne wannan, amma irin na Turawa, kuma ba ɗaya ba ne, za su kai talatin.” Na ce, “Malam, a ina aka tara masu goge talatin?” Ya yi dariya har da riƙe ƙofar rumfa. Ya ce, “A cikin akwati irin wannan da ke gabanka. In kana so ka gan su, ka zo Safana ranar Asabar, ka taho da kwamfutarka.”

Na je. A ɗakinsa ya juye mini abin da suke kira laburaren okestira, ya ɗauki yini guda yana shiga. Yana shiga Malam yana yi mini bayani. Ya ce a wata ƙasa mai sanyi aka tara makaɗa a wani babban zaure, masu goge ƙanana da manya, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna. Aka ce kowa ya fitar da sauti ɗaya tak, a hankali, sannan da ƙarfi, gajere, sannan dogo, aka naɗe. Haka aka bi kowane sauti har aka gama, aka jera su a ma'ajiya. In ka danna maɓalli a kibod, sai a kira maka wanda ya dace ya zo ya yi nasa ya koma. Da ya haɗa ɗan ƙaramin kibod ɗinsa ya ce in danna, na sa yatsa ɗaya, sai ɗakin ya buɗe kamar an ɗage rufin. Na daɗe ban ɗaga yatsan ba.

Tun daga ranar na shiga wata irin rayuwa mai kama da mafarki. Malam ya ba ni aron kibod ɗin. Ina rumfa, babura na wucewa, masu lodi na ihun Katsina, ni kuwa na toshe kunnuwa ina can cikin zauren da ban taɓa gani ba. Nakan yi tunanin wata mata a cikin masu gogen, ta ja sautinta ɗaya, ta saka gogenta a akwati, ta tafi gida ta dafa wa 'ya'yanta abinci, ba ta san wata rana za ta yi kiɗa a Batsari kusa da mai tsire ba. Har gaishe su nakan yi a zuciyata in na kunna kwamfuta da safe, in ce an tashi lafiya, ya sanyi.

Abu na biyu da Malam ya koya mini shi ne fayil ɗin midi. Ya ce, “Kada ka ɗauka sauti ne a ciki. Babu sauti ko kaɗan. Sawu ne kawai. Yana rubuta wane maɓalli aka taka, yaushe aka taka, da wane nauyi, yaushe aka ɗaga. Kai ne za ka zaɓi wanda zai bi sawun, ko sarewa ko goge.” A fuskar kwamfuta sawun yakan fito kamar tsinkayen ashana a kwance kan layuka, wasu gajeru, wasu dogaye. Ya kuma nuna mini wani maɓalli da suke kira kwantayiz, wanda in ka danna yake jan kowane tsinke ya ɗora shi daidai kan layi. Ya ce, “Wannan kamar kanwa yake a miya, ɗan kaɗan ake sawa. Sannan duk abin da aka kaɗa maka, ka ajiye asalinsa gefe, ka yi aikinka a kan kwafi. Ka ji ni, ɗan Batsari?” Na ce na ji. Ban ji ba. Hankalina yana kan ƙahonin.

Bayan wasu watanni kaina ya fara kumbura. Na iya jera goge a kan goge, na iya sa ganguna su yi rugugi kamar hadarin gabas. Kwantayiz kuwa ya zama abokina, don yana rufa mini asiri, yatsuna ba su da saiti. Sai na samu lambar wani mai haɗa sautin fina-finai a Kano, na ƙudura zan aika masa abin da zai sa ya kira ni. Matsalar ita ce duk abin da na haɗa ƙato ne amma babu kowa a ciki, kamar gidan biki bayan an watse. Ina bukatar karin da zai kama zuciya, ni kuma ba ni da shi. A nan ne na tuna da Baffa.

Baffa shi ne mahaifin mahaifiyata, haka kowa ke kiransa. Yana zaune da kakata, Iya, a wani ɗan ƙauye gaba da Babban Duhu. Makiyayi ne tun tasowarsa, kuma yana da wani kari guda na sarewa da yake kiran shanu da shi in rana ta yi sanyi, wanda ya koya a bakin mahaifinsa. Muna yara mukan ji shi daga bayan duwatsu kafin mu ga ko ƙahon saniya ɗaya. A shekarun tashin hankalin da yankinmu ya shiga aka kore garken gaba ɗaya, sai wata farar saniya da aka bari a gida ranar saboda ciwon kofato. Daga baya ciwon ƙirji ya kama shi, busa ta gagara, sarewar ta koma rataye a jikin danga. Babu wanda ya koya a cikinmu. Ina so in faɗi wannan a fili: ba zumunci ne ya kai ni ba. Na fi shekara ban taka ƙauyen ba. Karin na je nema.

Damina ce ta yi tsakiya. Na cika batir, na ɗaure jaka a bayan babur, na bi ta Safana. Gero ya fi ni tsawo a hagu da dama, duwatsu sun yi baƙi da ruwan jiya, gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa su. Na tarar da Baffa a gindin tsamiya a kan buzu, farar saniyar na ɗaure nesa kaɗan tana tuƙa. Na durƙusa muka gaisa, gida, gajiya, ruwa, jiki, mutanen Batsari ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama ya ɗaga murya ya ce, “Ke, fito, ga ɓarawon matata ya iso, ya zo da akwatin lefe.” Iya ta fito da ƙwaryar fura tana cewa, “Angona, ai na ɗauka ka sake ni. Dubi yadda ka rame, 'yan matan Batsari ba su iya tuwo ba?” Na ce, “Iya, ai ke nake tara wa kuɗin zance.” Baffa ya ce, “Da cajin waya? Za ta tsufa a gidana.”

Da na faɗi abin da ya kawo ni, na ce zan naɗi muryarsa yana rera karin, sai ya ƙi. Ya ce, “Muryata yanzu ta akuya mai mura ce, ba za ka ajiye ta jikoki su yi ta dariya ba. Kuma wannan ba na baki ba ne, na sarewa ne.” Sai na fito da kibod, na zaɓo sarewar da ta fi kusa da tasa a laburaren, na ɗora masa a cinya. Ya taɓa da ɗan yatsa kamar mai gwada zafin tukunya. Sarewa ta amsa. Ya janye hannu, ya dube ni, ya sake taɓawa. Ya ce, “Wane ne a ciki?” Na ce wani Bature ne. Ya ce, “To, sannunsa. Bakinsa da tsabta.”

Ya ɗauki lokaci yana laluben inda sautukansa suke, yana tsaki, yana cewa wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. Can sai na lura da wani abu. In ya danna maɓalli sai ya tsuke leɓe yana hura iska a hankali, kamar sarewar na bakinsa. In iskar ta ƙare sai ya ɗaga yatsa, ya ja numfashi, sannan ya ci gaba. Sai na danna naɗi. Batir ya kusa ƙarewa lokacin da ya yi shi daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɓata ba. Rana ta sauko, haske ya yi ja a kan gero. Farar saniyar ta daina tuƙa, ta ɗago kai, ta juyo da kunnuwanta, ta ja igiya har ta miƙe. Iya tana tsaye da ludayi a hannu, fura na ɗiga a ƙasa ba ta sani ba. Ni kaina sai na ga kamar garken nan da aka kore yana saukowa daga bayan dutse, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙura, ba ƙara.

Na nuna masa sawun a fuskar kwamfuta. Ya matso da ido, ya bi tsinkayen da yatsa kamar yadda yake bin sawun dabba a rairayi. Ya ce, “Ga inda ta yi sauri. Ga inda ta tsaya. Lallai ita ce.” Ya jingina da tsamiya ya ce, “To, alhamdu lillahi. Na ɗauka tare za a binne mu. Ka riƙe ta da kyau, amana ce.” Na ce, “In sha Allahu, Baffa.”

Washegari a rumfa na buɗe fayil ɗin, sai idona na ɗan koyo ya fara ganin aibu. Babu tsinke ɗaya da ya zauna kan layi. Tsakanin jimla da jimla akwai giɓi, wani ƙarami, wani babba. A tsakiya akwai wani dogon shiru da na ce lallai nan tsoho ya manta ne yana tunowa. A ƙarshe kuma akwai wasu 'yan ƙananan tsinkaye a cunkushe, na ce wannan rawar hannu ce ta tsufa. Na yi wa kakana uzuri a zuciyata, har ina jin tausayinsa. Na zaɓe su duka na danna kwantayiz. Na ja kowane sauti ya taɓa na gabansa, na rufe giɓin. Na yanke dogon shirun. Na goge 'yan ƙananan. Sannan na kira mutanena na ƙasar sanyi, na zuba goge talatin a ƙasa, ƙahoni a sama, ganguna a baya. Da na zo ajiyewa kwamfuta ta tambaye ni ko sabon fayil ya danne na asali, ya shafe shi. Na danna e ban ko karanta ba, don wani yana tsaye yana jiran wayarsa.

Sati biyu ina wannan aiki, ina jin kaina a sama. Na aika wa mutumin Kano, ban ambaci Baffa ba, na ce nawa ne. Bai taɓa amsawa ba, kuma yanzu ina gode wa Allah da hakan. Sai na ce bari in kai wa mai abu ya ji yadda na ɗaukaka masa shi. Na ari sifika, na cika batir, na saka kibod a jaka, na koma ƙauye.

Bayan la'asar ne, a gindin tsamiyar nan. Na kunna. Goge suka taso, ganguna suka yi rugugi, kaji suka watse. Sarewa ta shigo tana tafiya daidai kamar sojan fareti, ba tsayawa. Ina satar kallon Baffa ina jiran yabo. Farar saniyar ko kunne ba ta kaɗa ba, tuƙarta take yi. Da ya ƙare Baffa ya ce, “Wannan yaron mai busa, yaushe yake numfashi? Ku cece shi mana kafin ya faɗi.” Iya ta yi dariya ta ce, “Angona ya ɗauko masu kiɗan ƙasashen duniya, amma ban ga amaryar ba.” Baffa ya ce in nuna masa sawun. Ya duba, ya daɗe, ya ce, “Wannan ba sawun mai rai ba ne. Sawun taya ne.” Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, “Yana da kyau, ka yi ƙoƙari. Yanzu sa mini tawa in ji.”

A lokacin ne na tuna tambayar da kwamfuta ta yi mini. Na duba inda na san babu, na sake dubawa. Kibod yana cikin jakata. Batir a cike yake. Yatsan Baffa lafiyarsa ƙalau, yana kan gwiwarsa. Da na ce, Baffa, na yi wauta, na danne taka, sake yi mini, da bai fi ya zage ni da wasa ba, mu sake kafin magariba. Amma girman kai ya riƙe mini harshe. Na sunkuyar da kai na ce, “Baffa, wata cuta ce ta shiga kwamfutar ta cinye shi. Yanzu ma ba ta iya ɗaukar sabo sai an kai ta gyara Katsina.” Ya ce, “Ashe su ma suna ciwo? Allah ya ba ta lafiya. Ba komai, in ta warke ka dawo mu sake.” Addu'ar nan da ya yi wa kwamfutata ta fi mari zafi, har yau ina jin ta.

Ban koma ba. Kullum sai in ce sati mai zuwa. Kunya ce ke hana ni, don in na koma sai na sake kallon idonsa. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka. Wata safiya mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta ce Baffa ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Katsina, aka dawo da shi bayan kwanaki. Hannun dama ya mutu, magana ta yi nauyi, sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma Iya ce kawai ke ganewa.

Na tafi Safana wurin Malam na faɗa masa komai, har ƙaryar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya karɓi kwamfutar ya bincika ko'ina, ya girgiza kai. Ya ce, “Babu. Jerin sautukan yana nan a cikin naka, ka san wanne ke bin wanne, ban da waɗanda ka goge. Abin da ka kashe shi ne lokacinsu. Wannan kuma ba a cikin akwati yake ba, a ƙirjin tsohon yake. Ƙirjin yana motsi?” Na ce yana yi. Ya ce, “To me kake yi a ɗakina?”

Da hantsi na isa ƙauyen. An jingina Baffa da tsamiya, an tokare shi da matashi, dammunan gero a jere a bayansa. Ya rame, bakinsa ya karkace, amma idon nan nasa yana nan. Na durƙusa, ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na ce, “Baffa, ƙarya na yi maka. Kwamfuta ba ta yi ciwo ba. Ni na ɓata karinka da hannuna, na ga kamar kuskure ne a ciki, na danne asalin. Ranar nan da na faɗi gaskiya da mun sake. Ka ba ni amana na ci. Ka yafe mini.” Iya tana gefe tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, “Ai mun sani. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya babban yatsan ƙafarka kake kallo. Kana tafiya ya ce mini, mijinki ya yi ɓarna, amma a bar shi ya kawo kansa.” Ta ajiye faifan ta ce, “Sai dai ka daɗe, angona. Ka daɗe ƙwarai.”

Baffa ya yi wani sauti, ya miƙo hannun hagu. Na ɗauka hannu zai ba ni, sai ya kama wuyan hannuna ya ɗora tafina a kan ƙirjinsa. Ya nuna jakata da ido. Na fito da kibod na ɗora a gwiwa, na kashe goge da ƙahoni da ganguna, na bar sarewa ita kaɗai, na danna naɗi. Ya rufe ido. Ƙirjin ya cika a ƙarƙashin hannuna, ya fara sauka, na danna sautin farko. In zai canja sauti sai ya matsa wuyan hannuna da yatsa. In iskar ta ƙare ƙirjin ya tsaya, sai in ɗaga. Mun ɓata ya fi sau goma, yana buɗe ido ya harare ni, Iya na cewa, “Ya ce kana gaggawa kamar mai bin motar Katsina.” A hankali na daina kallon layukan, na daina ƙirga komai. Na rufe nawa idon. Sai na ji kamar ba ni ke dannawa ba, numfashinsa ne ke bi ta hannuna na hagu ya fita ta na dama. Ƙashin ƙirjinsa kamar kwando, amma abin da ke fitowa daga ciki saurayi ne a kan dutse.

Da muka kai tsakiya sai ƙirjin ya tsaya, yatsansa ya saki. Shiru ya yi tsawo har na tsorata, na buɗe ido zan ci gaba. Iya ta ce, “Dakata. Bai gama kallona ba.” Na juya. Ta ce, “Rijiyar garinmu tana ƙarƙashin dutsen da yake zama. In ya kai nan sai ya cire sarewa daga baki ya leƙo ko na zo ɗiban ruwa. Na babansa ba shi da wannan tsayawar, shi ya ƙara ta. Shekara hamsin ko ina bayansa a tsaye sai ya tsaya a nan.” Ta koma kan wakenta tana cewa, “Shi ne kai kuma ka yanke ni.” Gefen bakin Baffa mai motsi ya ɗaga kaɗan. Sannan ƙirjin ya sake cika, muka ci gaba.

Ƙarshen ne ya gagara. 'Yan ƙananan sautukan nan da na goge na ce rawar hannu ce, ashe wani juyi ne da yake yi da yatsu, shi ne ke gaya wa shanu an gama, a taho. Ba na numfashi ba ne, na yatsa ne, yatsan kuma ya tafi. Ya gwada da hagu, hannun ya ƙi. Na gwada masa iri-iri, sama da ƙasa, da sauri da sannu, kowanne sai ya girgiza kai. Iya ta ce tana jin sa a kunnenta amma ba ta iya fitar da shi. Har azahar muna nema. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya yi alamar a bari.

Na kunna abin da muka samu. Sarewa ta taso ita kaɗai, tana tafiya tana hutawa. Farar saniyar ta daina tuƙa. Ta ɗago kai, ta miƙe, ta ja igiya ta fuskanci tsamiya. Aka zo dogon shirun, Iya ta sunkuyar da kai. Aka zo ƙarshe, sautin ya tsaya inda iyakar saninmu ta tsaya. Saniyar ta ci gaba da tsayuwa, kunnuwa a gaba, ƙafa ɗaya a ɗage, tana jiran abin da zai ce mata ta taho. Ta daɗe a haka. Baffa ya dube ta, ya dube ni, ya yi wata kalma mai nauyi. Na kalli Iya. Ta ce, “Ya ce ya yafe. Ya ce kuma kada ka cike wurin da naka.”

Baffa bai kai damina ta gaba ba. Yanzu ina ɗan samun aikin haɗa sauti, na tallar rediyo da na bidiyon biki, mutanena na ƙasar sanyi suna nan muna aiki tare. Fayil ɗin Baffa yana wuri uku, ɗaya a hannun Malam. Ban ƙara masa komai ba sai babban goge guda ɗaya can ƙasa, mai kama da kukan saniya daga nesa. A ƙarshensa akwai fili da babu tsinke ko ɗaya. Duk wanda ya ji yakan ce kamar bai ƙare ba, sai in ce e, bai ƙare ba, ni na yanke shi.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni. Na koyi kada in gyara abin da ban tambayi dalilinsa ba, don abin da idona ya gani a karkace wataƙila nan ne mai shi ya ajiye ransa. Na kuma koyi cewa ba kuskuren ne ya raba mu da ƙarshen karin Baffa ba. Shi kuskuren, da na faɗa, da an gyara shi kafin magariba. Ƙaryar da na rufe shi da ita ce ta cinye mana watannin da yatsansa ke da rai. Shi ya sa yanzu in na yi ɓarna nake faɗa tun wanda zai iya gyarawa yana zaune a gabana.